Yini guda a Boston, kan sawun mutanen Ayalan

Da sassafe na shiga jirgin ƙasa daga New York, kafin azahar mun sauka a tashar South Station da ke Boston. Ƙanena da ke karatu a can ya tarbe ni, ga iskar teku tana kaɗawa da sanyi mai ratsa ƙashi. Ya ce, "Yaya, kafin mu je gida akwai wurin da nake so ka gani."

Da ƙafa muka taka zuwa mahaɗar titin Washington da titin School. A nan aka kafa mutum-mutumin tagulla rukuni biyu a 1998, don tunawa da yunwar da aka yi a ƙasar Ayalan: iyali guda yunwa ta rame da su, uwar ta ɗaga hannuwa sama, ɗaya iyalin kuma sun iso Amurka sun murmure. Da Turanci "Irish" ake kiran mutanen Ayalan, mu kuwa a gida "arish" sunan dankalin da ake kawowa daga Jos ne. To, dankalin nan ne cuta ta ruɓar a gonakin Ayalan daga 1845, mutum kusan miliyan guda suka mutu, fiye da miliyan suka tsallaka teku.

Waɗanda suka sauka Boston ba a yi musu maraba ba. Talakawa ne, kuma 'yan Katolika a garin 'yan Furotesta. Wasu masu neman ma'aikata kan rubuta a talla cewa ɗan Ayalan kada ma ya zo. Masu zanen barkwanci a jaridu suna yi musu fuskar biri, da kwalbar giya a hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunayen. Duk namiji "Paddy" ne ko "Mick", duk 'yar aikin gida "Biddy". Asalinsu Patrick da Michael da Bridget, sunayen da iyaye suka zaɓa da ƙauna suka raɗa wa 'ya'yansu, aka mayar da su na raini. Na dubi ƙanena, shi ma ya dube ni. Duk wanda aka taɓa kira "aboki" a Legas da irin muryar nan ya san zafin da ake ji idan aka zage ka da kalmarka mai kyau.

Ƙiyayyar ma ta riga yunwar zuwa. A watan Agustan 1834 wasu gungun mutane suka ƙone gidan mata masu hidimar cocin Katolika na Ursuline a Charlestown, kusa da Boston. A 1854 kuwa jam'iyyar masu ƙin baƙi, wadda ake kira Know Nothing, ta lashe kujerar gwamnan Massachusetts, jihar da Boston take ciki, da kusan duka majalisar jihar. Suka rushe rundunonin sa-kai na 'yan Ayalan, suka riƙa loda matalautansu a jirgin ruwa ana mayar da su.

Da la'asar muka tsaya a bakin ruwa, ƙanena ya nuna mini Gabashin Boston a tsallake. Can Patrick Kennedy, wanda ya zo daga Ayalan, ya zauna yana sana'ar haɗa ganguna, har kwalara ta kashe shi a 1858. Tattaɓa-kunnensa John ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1960, amma sai da ya tsaya gaban fastoci a Houston yana ba su tabbacin cewa ba Fafaroma ne zai riƙa juya shi ba.