Sigarin farko bayan tashi daga barci

Masu bincike ba sa tsayawa kan yawan karan da kake zuƙa kawai. Gwajin Fagerström na 1978, mai auna ƙarfin jarabar sigari, yana tambaya: minti nawa kake yi bayan farkawa kafin ka kunna na farko? In bai kai 30 ba, jarabar ta kama jiki sosai, domin rabin nikotin (sinadarin taba mai sa jaraba) da ke jini yana raguwa cikin awa biyu, jiki ya kwana da ƙishirwarsa.

Irin wannan mutumin, in zai daina shan sigari, cingam ɗin nikotin mai miligiram 4 ya dace da shi, ba mai 2 ba. Amma nan ake kuskure. Ba a taunarsa kamar cingam ɗin yara. Ka tauna a hankali har ka ji yaji-yaji, ka maƙale shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa ka sake, har minti 30. Wanda ya yi ta haɗiye yawun, shaƙuwa da ƙwannafi zai samu. Kofi ko lemon kwalba kuma a bari minti 15 kafin nan, suna hana nikotin shiga jiki.

Kwana na biyu da na uku bayan daina sigari sun fi zafi. A ranakun nan, teburin mai shayi a Agege, inda kowa ke miƙo ashana, ba wurin zamanka ba ne.