Fensir mai kala a kan yadi, bayan na ɓata rigar filo biyu

Wlh tun ranar da na ga ana yi wa yadi kala da fensir, irin fensir ɗin zane ɗin nan, hankalina bai kwanta ba sai da na gwada. Ina da ragowar farin yadin auduga da na siyo a Kwari, nace bari in yi wa ƙanwata rigar filo mai fulawa tunda bikinta ya matso.

Na farko ɓaci ya yi. Na yi amfani da Inktense, fensir ɗin kamfanin Derwent na Ingila, wanda in ruwa ya taɓa shi yake komawa kamar tawada, in ya bushe kuma ya zauna kenan. To sai na tsoma buroshi a ruwa zalla na ɗora, ina kallo jan ya bi zare ya malala ya tsallake layin da na zana har cikin ganye, fulawar ta koma kamar an zubar da zoɓo a zanen gado. Raina ya ɓaci sosai don yadin mai kyau ne.

Ashe ruwa ne matsalar. Akwai wani farin abu mai ɗan kauri kamar madara da ake sa wa a madadinsa, a jikin robar an rubuta textile medium, ni dai ruwan kama kala nake ce masa. Saboda kaurinsa baya gudu a cikin zare, inda kika ajiye buroshi nan yake tsayawa, kuma in ya bushe farin yana ɓacewa ya bar kalar a manne. Wasu jel ɗin alobera suke sawa, shima yana hana malala. A na biyu kuma zumuɗi ya sa na labta ruwan kama kalar da yawa, wurin ya sandare kamar kwali, ba wanda zai iya ɗora kunci a kai.

Yanzu ga yadda nake yi. Sai na wanke yadin tukun don sitacin kamfani ya fita, in goge shi, in shimfiɗa a kan sanfefa mai laushi don kar ya dinga zamewa a ƙarƙashin fensir. Kalar kuma sama sama nake shafawa, kar ki danna hannu fa, don abin da kike gani dishi dishi a bushe yana farkawa ne da zarar buroshi ya taɓa shi, wannan wurin shi na fi so a duk aikin, ruwan hodar da kamar babu shi kawai ki ga ya taso ya cika ido. Ina farawa daga tsakiyar fure in ja zuwa baki, ganye ɗaya in gama in bari ya sha iska kafin in taɓa na kusa da shi, kuma kowace kala sai na goge buroshi da tsumma.

Daga nan in bar shi awa 24, in rufa wani ƙyalle a kai in bi da dutsen guga mai zafi ba tare da yayyafa ruwa ba. Na ukun na wanke shi sau biyu da hannu da ruwan sanyi, kalar tana nan. Shi na ninke na saka mata a cikin kayan ɗaki, yanzu ina kan hankici guda 6 na ƙawayenta.