Gudawar da ke tafiya ta dawo: jinyar tsohon karena

Karena ya haura shekara 11 lokacin da gudawa ta fara yi masa zuwa da komawa. Sai ya yi 'yan kwanaki yana zawo, ya warke sarai har hankalina ya kwanta, bayan 'yan makonni kuma a wayi gari ta dawo. Yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, yana tarbata a bakin ƙofa. Wannan kuzarin ne ke sa mai kare ya ɗauki kowane tashin ciwon a matsayin ɓacin ciki na ranar kawai. Likitan dabbobin da ke duba shi ta ce da ni a wajensu gudawar da ta wuce mako 3, ko wadda take lafawa tana dawowa, ciwo ne guda mai dogon zango, kuma akwai abin da ke ƙarƙashinsa da za a nemo. A tsohon kare abin zai iya kasancewa a hanjin kansa, zai kuma iya fitowa daga ƙoda, hanta ko fankiriyas, wato sashen ciki da ke fitar da ruwan narkar da abinci.

Tambayoyi ta fara jero mini kafin ta taɓa shi. Sau nawa yake fita a rana? Da yawa yake yi ko kaɗan-kaɗan? Akwai majina? Akwai jini, kuma ja ne ko baƙi? Daga ranar na ajiye ɗan littafi, kuma shi ya fi komai yi mana amfani. Ina rubuta abin da ya ci, maganin da ya sha, da kamannin kashin. Na kan ɗauki hotonsa da waya, domin abin da ni zan kira ruwa-ruwa wani zai ce taushi ne kawai.

Amfanin tambayoyin shi ne gane inda matsalar take. Idan daga babban hanji ne, kare yakan fita sau da yawa, ya tsuguna yana yunƙuri, abin da zai fito kaɗan, da majina, wani lokaci da ɗigon jan jini. Idan daga ƙaramin hanji ne, kashin yakan zo da yawa, babu yunƙuri sosai, sai dai karen ya riƙa ramewa saboda abincin yana wucewa jiki bai amfana ba. Nawa irin na biyun ne. Da na shafa bayansa sai na ji ƙashin gadon baya da haƙarƙari sun fito fiye da da, gashi ne ya rufa masa asiri.

An gwada kashin, ba a ga komai ba, amma duk da haka likita ta ba shi maganin tsutsar ciki mai suna fenbendazole. Ta ce ƙwayar cutar hanji da ake kira Giardia da wata tsutsar babban hanji mai siffar bulala ba kullum suke zubar da ƙwai a kashi ba, don haka gwaji ɗaya zai iya fitowa tas alhali suna nan. Awon jini kuwa ya nuna ƙoda da hanta lafiya, fankiriyas ma yana fitar da ruwan narkar da abinci yadda ya kamata. Abin da ya yi ƙasa shi ne bitamin B12, wanda ƙarshen ƙaramin hanji ke tsotsa. Idan hanjin ya daɗe da kumburi sai ya kasa, rashin bitamin ɗin kuma ya ƙara raunana hanjin. Aka sa shi a kan allura mako-mako, daga baya aka riƙa ba da tazara.

Littafin nan ya fito da wani abu da ban yi zato ba. Karen yana shan meloxicam saboda ciwon gaɓoɓi, kuma ana ƙara yawan ba shi duk lokacin da ƙafafun baya suka yi tsami. Da muka jera kwanakin, sai ga shi tashin gudawar yana yawan biyo bayan haka. Wannan rukunin magungunan rage ciwo da kumburi yana taimaka wa tsofaffin karnuka matuƙa, amma yana iya cin bangon ciki har ya kai ga gyambo. Likita ta dakatar da shi, ta sauya masa wata hanyar rage ciwon. Ta kuma ja mini kunne: "Malam, ranar da ka ga kashin ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne daga ciki ko saman hanji. Kada ka jira gari ya waye."

Aikin da ya fi wuya shi ne na abinci. Karnuka da yawa masu irin wannan ciwo abinci ne kawai ke gyara su, kuma sauƙin yakan bayyana cikin mako 2. An ba mu abinci na musamman wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ta tayar masa ba. Akwai kuma hanyar ba kare naman da bai taɓa ci ba. Ko wanne aka ɗauka, sharaɗin ɗaya ne: ban da shi da ruwa, kada komai ya shiga bakinsa. Babu ƙashi, babu madara, babu ragowar kwano, har ƙwayar magani mai ɗanɗanon nama sai an tambaya.

A nan ne zuciya take karaya. Yakan zo ya zauna gefena idan ina cin abinci, ya ɗora haɓarsa da ta yi furfura a kan gwiwata, yana bin hannuna da ido daga kwano zuwa baki. Shekara da shekaru ya saba a miƙa masa ɗan abu. Sai da na tara mutanen gida na yi musu bayani cewa loma ɗaya ta tausayi za ta iya ɓata gwajin gaba ɗaya, mu rasa gane ko abincin yana aiki. Dabarar da ta fisshe mu ita ce ware wani kaso daga abincinsa na ranar a ƙaramin gwangwani. Duk wanda tausayi ya kama shi ya ɗebo daga nan ya ba shi. Na kuma raba masa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, na nisanta shi da maiƙo. A hankali kashin ya fara ɗaurewa, har ya kai ana ɗauke shi ba ya barin shaida a ƙasa.

Mutane da dama sun ba ni shawarar maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna metronidazole, wai yana tsayar da gudawa nan take. Yakan tsayar, amma yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, kuma yawansa yana taɓa jijiyoyi har kare ya riƙa tangaɗi. A ganina, dogaro da shi a duk tashin ciwo yana ɓoye ainihin matsalar ne har ta yi nisa. Magungunan mutane kuwa ba na kusantar su. Ibuprofen guba ne ga kare, loperamide, maganin gudawa na mutane, kuma yana da haɗari ga wasu jinsuna irin su Collie.

Har yanzu cikin yakan ɗan ɓaci jefi-jefi. Abin da nake fara dubawa shi ne ruwan jikinsa. Kare mai lafiya yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo a rana, mai gudawa kuma fiye da haka. Ina ɗaga leɓensa in taɓa dasashi: idan yana da danshi da santsi, da sauƙi, idan ya bushe yana kama yatsa, akwai matsala. Jan fatar wuya ba abin dogaro ba ne sosai, domin fatar tsoho dama ta saki. Ba na hana shi abinci na dogon lokaci, jikinsa ba shi da ajiyar da zai jure. Idan amai ya haɗu da gudawar, ko ya ƙi shan ruwa, ko ya kwanta ya kasa tashi, asibiti muke nufa a ranar.

Akwai kuma hidimar da ba a cika faɗa ba. Na rage gashin ƙarƙashin wutsiyarsa, ina wanke wurin da ruwan ɗumi in tsane shi, don kada fata ta saɓule. Ina fita da shi daf da kwanciya barci da kuma sassafe. Idan ya kuɓuce masa a ɗaki, sai in same shi ya raɓe a lungu, kunnuwa a kwance. Ba na yi masa tsawa. Karen da ya yi rayuwarsa yana riƙewa har a buɗe masa ƙofa ba zai yi haka da gangan ba.

Duk wata nakan ɗora shi a sikeli in rubuta nauyinsa, domin ido yana sabawa da rama bai lura ba. Mun yi da likita cewa idan nauyin ya sake sauka, ko furotin ɗin albumin ya ragu a jininsa, za a yi masa hoton ciki, wataƙila a ɗebi ɗan yankin hanji a gwada, tunda kumburin hanji mai tsanani da kansar hanji kan yi kama da juna a tsohon kare.