Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabin Minti a Gaban Takarda

A makon jiya na tsaya a inda Malama ta ce lokaci ya yi da zan shiga jarrabawar fiyano. Ga waɗanda ba su karanta kashin baya ba, Malama dattijuwar Baturiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, tana karɓar ɗalibai a falon gidanta a nan Manchesta. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, sai da na haura shekara 40 kafin na zauna gaban fiyano da niyyar koyo.

Jarrabawar ta ABRSM ce, wato hukumar shirya jarrabawar kiɗa, wadda aka kafa a Landan tun 1889. Matakanta 8 ne, da wani ɗan matakin share fage kafin na farko. Malama ta ce na wuce share fage, mataki na 1 zan shiga. Ta jawo takarda ta rubuta mini yadda aka raba makin. Jimillarsa 150. Kiɗa uku da mutum ya zaɓa ya shirya tun daga gida, kowanne maki 30. Hawa da saukar sauti, wanda suke kira sikel, maki 21. Karanta kiɗan da ba ka taɓa gani ba ka buga shi nan take, shi ma 21. Gwajin kunne kuma 18. Da maki 100 an ci, 120 an ci da yabo, daga 130 an kai ƙololuwa. Duka abin kamar minti 12 ne a gaban mai jarrabawa.

Gwajin kunne bai tayar mini da hankali ba. A Wusasa na tashi, kuma tun ina ƙarama nake cikin ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Shugaban mawaƙa yakan rubuta d r m f s, wato sautukan do, re, mi, fa, so, da alli a jikin allo, ya rera sau ɗaya, mu ɗauka. To yawancin abin da ake nema a mataki na 1 irin wannan ne: mai jarrabawa ya buga kiɗa ka bi shi da tafi, ka faɗi ko bugu biyu-biyu ne ko uku-uku, ya buga ɗan gajeren sauti ka maimaita da murya, ya buga jimla sau biyu ya canza sauti ɗaya, ka ce a farko ne canjin yake ko a ƙarshe. Ranar da Malama ta fara gwada ni, ta juyo a kan kujera ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ba ta labarin allon nan da allinsa.

Kaɗe-kaɗen uku ma sun zo da sauƙi. Daga rukuni uku ake zaɓa a littafin hukumar, ɗaya daga kowanne. Na ɗauki mai sauri, da mai taushi kamar waƙar reno, da wani mai barkwanci da ake ɗaga yatsa ana tsinke sauti. Malama takan buga mini sau ɗaya ko biyu, in koma gida in dawo da shi a hannu. Ana nan wata rana ta rufe littafin ina tsakiyar bugawa, ban ko lura ba, na ci gaba har ƙarshe. Sai ta ce, "Daga yau ba zan ƙara buga miki komai ba sai kin fara karanta shi da kanki. Kunnenki yana riga idonki isa, shi ya sa idon ya ƙi koyo."

Maganar ta yi mini zafi, domin kunnen nan shi ne abin da na zo da shi daga gida, shi nake tinƙaho da shi. Amma gaskiya ta faɗa.

Sikel aikin naci ne kawai, kuma da ka ake buga shi, ba a duba takarda. Kowane sikel da harafin sautin da yake farawa da shi ake kiransa. Akwai C da hannu biyu tare, sai G da F da A da D hannu ɗaya bayan ɗaya. F ce ta fi wahalar da ni. A sauran, hannun dama yatsa uku yake tafiya sannan babban yatsa ya kutsa ta ƙasa ya ci gaba. A F kuwa sai an kai yatsa na huɗu, domin shi ne yake faɗawa kan baƙin maɓallin, sannan babban yatsa ya shigo. Hannu ya riga ya saba da uku, sai ya yi ta gardama. A gida kibod nake da shi mai maɓalli 61, marar nauyi, ina toshe kunne da abin sauraro saboda bangon gidajen nan ba shi da kauri, maƙwabta suna jin komai. Fiyanon Malama maɓalli 88 ne, kuma sai ka danna da gaske yake amsawa. Idan na taso daga aikin dare a lokacin hunturu, hannuwana a bushe suke saboda yawan wankewa a asibiti, gaɓoɓin sun sandare. Sai in tsoma su cikin ruwan ɗumi, in shafa mai, in yi sikel kafin in kwanta.

Inda na sha wuya shi ne karatun nan take. Rubutun fiyano layuka biyar-biyar ne, hawa biyu: na sama na hannun dama, na ƙasa na hagu. Ɗigon da ya zauna a kan layin ƙasa na hannun dama E ne. Ɗigo iri ɗaya, a wuri iri ɗaya, a layukan hagu G ne. Wato ido ɗaya zai karanta rubutu biyu masu kama da juna, kowanne da ma'anarsa. A tsarin da na tashi da shi, harafi ne yake gaya maka sautin, ka ga m ka san mi ce. A nan babu harafi, sai matsayin ɗigo a kan layi ko tsakanin layuka. A jarrabawa za a ajiye maka takardar, a ba ka rabin minti ka duba, sannan a ce bismilla.

Malama ta koya mini yadda ake kashe rabin mintin nan. Ba a fara da ɗigon farko. Ana duba farkon layi a ga ko akwai alamar baƙin maɓalli, a ga bugu nawa ne, a ɗora yatsu biyar na kowane hannu a mazauninsu, sannan a bubbuga tafiyar kiɗan a hankali. Babbar dokarta ita ce: in an fara ba a tsayawa, ba a komawa baya. Ka taɓa sautin da ba shi ba, ka wuce, bugun kada ya yanke. Wannan ya ci karo da duk tarbiyyar aikina. Mu a jinya, in ka yi shakkar magani ko awonsa, tsayawa kake ka sake dubawa, ka kira abokin aiki ya duba. Shekaru ina horar da kaina a kan haka, kuma rayukan mutane sun dogara da shi. Yanzu ga wata tana zaune kusa da ni tana cewa, "Wuce, wuce, kada ki gyara." Sai ta ɗauki ɗan kati tana rufe abin da na riga na buga, yadda ko na so waiwaye babu abin gani. Katin nan ya yi mini amfani fiye da duk wani bayani.

Ɗiyata ta ga yadda nake fama, ta bincika a intanet ta zo mini da shawara. Tun 2020 hukumar ta fito da wata hanyar: mutum ya buga kiɗa huɗu, ya ɗauki bidiyo ya aika, babu sikel, babu gwajin kunne, babu karatun nan take. Ta ce, "Mama, ki yi wannan mana, takardar shaida dai za a ba ki." Ta ƙara da lissafi, cewa ko a ɗaya hanyar ba dole ne a ci kowane sashe ba, jimilla ake dubawa, don haka ko na faɗi karatun zan iya haye 100. Lissafinta daidai ne, kuma ban raina masu bin hanyar bidiyo ba, akwai waɗanda ita ta dace da su. Na ce mata a'a.

Dalilina Inna ce. Inna tana da haddar da ban taɓa ganin irinta ba, waƙa ko karatu in ta ji sau biyu ya zauna. Duk da haka, da girmanta, da 'ya'ya shida, ta shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma. Lokacin Yaya yana makarantar kwana yana aiko wasiƙa, ta ce ta gaji da jiran wanda zai karanta mata maganar ɗanta. Ina tuna ta a bakin fitilar ƙwai, yatsanta a ƙarƙashin layi, leɓɓanta suna motsi kafin murya ta fito. Abin da nake so a fiyano ke nan. Ina so in buɗe littafin da ba wanda ya taɓa buga mini, in ji abin da ke ciki da hannuna. Idan na kauce wa sashen nan, zan riƙe takardar shaida alhali har yanzu sai an buga mini nake iyawa.

Da na kira Inna na gaya mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe kiɗa ma rubuta shi ake yi? To Allah ya buɗa miki, ki riƙe malamarki da kyau."

Daga nan kullum sai na karanta sabon layi biyu ko uku kafin in taɓa kaɗe-kaɗen da na iya. Ana saura kaɗan, Malama ta yi mini jarrabawar gwaji a falonta. Ta zauna a bayana da takarda da biro, ba ta yi mini murmushi ba, ba ta ce komai ba sai umarni. A karatun nan take na kuskure sauti biyu a hannun hagu, amma ban tsaya ba har ƙarshe, ta ba ni 15 cikin 21. Ta kuma ba ni shawara in fara da sikel a ranar, tunda ɗalibi ne yake zaɓar abin da zai fara da shi, don in ji nauyin fiyanon wurin kafin in shiga kaɗe-kaɗen masu maki 30.

Ranar da aka ba ni ta faɗo a safiyar da zan taso daga aikin dare. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ta yarda muka yi musanya, na karɓi Lahadinta. Yadda ranar ta kasance, da abin da ya faru a ɗakin jira kafin a kira sunana, sai a kashi na 15 in Allah ya kai mu mako mai zuwa.