Farashin Yau, Amma na Wace Kasuwar?

Kusan kullum da safe, kafin in gama karin kumallo, saƙo yakan shigo wayata daga wani zauren WhatsApp na manoma da 'yan kasuwa, ɗauke da jerin farashi: masara kaza, dawa kaza, waken suya kaza, shinkafa shanshera kaza, daga ƙasa kuma a ƙara da na rago da na sa. Masu turowa da kyakkyawar niyya suke yi, ni ma ban taɓa wucewa ban karanta ba, amma tun da na fara ajiye littafin farashi na kaina a shekarar 2019 na daina dogaro da duk wani adadi da ya zo mini babu sunan kasuwa, babu lokaci, babu irin ma'aunin da aka yi awo da shi. A Kaduna nake zaune, ina noman masara da waken suya a wajen Lere, ina kuma ɗaure raguna kaɗan a bayan gida saboda Babbar Sallah, don haka duk motsin da farashi ya yi a aljihuna nake jinsa.

Abu na farko da littafin nan ya nuna mini shi ne, abin da muke kira farashin yau a cikin gari yawanci na jiya ne ko na shekaranjiya a ƙauye. Manyan kasuwannin hatsi na jihar nan ba kullum suke ci ba. Anchau ranar Talata take ci, Saminaka ranar Laraba, Giwa kuma ranar Alhamis, kuma a irin waɗannan wuraren ne ake yanke kuɗin buhu tsakanin manomi da ɗan sari. Kafin buhun ya iso Kawo ko Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, an ɗora masa kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali da harajin kasuwa da abin da direba ya bari a shingayen hanya, sannan mai awo ya sa tasa ribar. Saboda haka wanda ya ji an ce masara ta sauka a Saminaka ranar Laraba, ya je wurin mai awon unguwarsu ranar Alhamis da safe yana faɗa don tiya ba ta sauka ba, bai yi masa adalci ba, domin tsohon sari yake sayarwa. Sai dai a faɗi gaskiya, idan tashi farashin ya yi, mai awon nan ba ya jiran tsohon sarin ya ƙare.

Ko a cikin kasuwa guda ma, a yini guda, farashi ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kam da kuɗina na saye shi. Wata kaka wani abokina ya kira ni da hantsi daga Saminaka ya ce masara tana tafiya, in yi sauri. Kafin in sami mota, a yi lodin buhu 15, mu kai, Azahar ta wuce. Ashe abin da ya ɗaga kasuwar da safe wakilan masu yin abincin kaji ne da wasu 'yan sari daga Kano, kowa yana son cika tirelarsa, kuma da suka cika sai suka ɗaure tamfol suka kama hanya. Dillalin da nake mu'amala da shi, wani dattijo da ya kusa sa'an mahaifina, ya soka ƙarfe a buhu ɗaya, ya zuba ƙwayar a tafin hannu, ya kai biyu baki ya ciza.

"Malam, masarar nan ba ta gama shan rana ba," in ji shi. "Ka ji ba ta yi ƙara ba."

Na ce, "Baba, kwana huɗu ta yi a shanya."

Ya ce, "Da ka ƙara mata biyu. Ga shi kuma masu kuɗin sun tafi, sai 'yan ajiya, su kuwa ba sa taɓa ɗanya sai an karya musu."

Aka taya, na ce albarka, aka ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na duba kuɗin motar komawa da kaya gida, na sallama. Abokina bai yi mini ƙarya ba, farashin da ya faɗa na hantsi ne, kuma na busasshiyar masara.

Masu sayen nan na safe su ne ke jan ragamar masara da waken suya a yankinmu. Tun da kiwon kaji ya bunƙasa, aka kuma buɗe babbar masana'antar abincin dabbobi ta Olam a Chikun a shekarar 2017, waɗannan amfanin gona biyu suka daina zama kayan tuwo da awara kawai. Ranar da manyan masu saye suka shigo kasuwa takan yi sama, makon da suka ɗaga ƙafa kuwa sai kaya su yi kwantai. Haka nan abin da ya faru a Dawanau ta Kano yakan iso Giwa da Anchau ta waya kafin a gama sauke kayan safe.

Sai batun ma'auni, wanda shi ne jerin farashin waya ya fi yi wa shiru. Ana cewa buhu kilo 100 ne, ana kuma lissafa masa tiya 40, amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awo ya san tiya suna ta tara. Akwai wadda ake yi wa tozo har a tare da hannu, akwai wadda ake shafewa, akwai kuma kwanon da aka bubbuga gindinsa ya faɗaɗa, wanda ake saye da shi a hannun matan ƙauye amma ba a sayarwa da shi. Buhun ma wani a baki ake ɗinke shi, wani sai an ƙara masa ƙyalle a sama saboda cika. Idan aka ce buhu ya fi araha a wata kasuwa da naira dubu biyu, mai yiwuwa ne tiya uku ce babu a cikinsa.

Tsarin da muka taso muka tarar shi ne hatsi ya karye da kaka, lokacin da kowa ke fitar da shi don biyan bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar aure, sannan ya riƙa hawa sannu a hankali tun daga bazara har tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A kan wannan lissafin 'yan ajiya suke cin abinci. Amma shekarun nan sun rikita shi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, buhu ɗaya farashi biyu gare shi a wuri ɗaya, na tsabar kuɗi daban, na tiransifa daban, kuma manomi da yawa sun karyar da kayansu don kawai su riƙe takardar naira a hannu. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, darajar naira ta faɗi, hatsi ya kama hawa har buhun masara ya haura naira dubu 80 a kasuwanni da dama a 2024. A watan Yulin wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 sai aka ga abin da ba a saba gani ba: waɗanda suka saya da kaka suka ajiye suna jiran damina sun sayar ƙasa da yadda suka saya, kuma zuwa ƙarshen shekarar masara ba ta kai rabin kuɗinta na baya ba. Ban ga laifin magidancin da ya yi hamdala ba, ni ma ina da bakunan ciyarwa. Abin da ya dame ni shi ne taki bai biyo ta ƙasa ba, har ta kai buhun masara ba ya sayen buhun taki mai kilo 50, kuma manomin da ya ga haka sau biyu zai rage gonar masara, abin da mai saye ba zai ji a jikinsa ba sai baɗi.

A kara kuwa, lamarin ya fi haka wuyar kamawa a rubuce. Hatsi ko ba komai yana da buhu, dabba kuwa ba a ɗora ta a sikeli. Je ka karar Zango da ke Tudun Wada ka tsaya kusa da mahauci yana cinikin sa, za ka ga ya zagaya shi, ya dafa gadon bayansa, ya matsa gindin bindi, ya dubi tozo, ya ɗaga leɓe ya ga haƙora, sannan ya ƙiyasta naman da zai fitar a ransa kafin ya buɗe baki ya taya. Saboda haka idan na ga an rubuta "rago naira kaza" nakan tambayi kaina wane ragon. Balami ne mai tsawon ƙafa, ko Uda mai rabin jiki fari rabi duhu, ko ɗan ƙaramin 'Yankasa? Na turke ne da ya sha dusa da kowa da harawa wata huɗu, ko na kiwo ne da ya sha tafiya? Tsakanin biyun nan ana iya samun ninki uku, kuma duka sunansu rago.

Farashin dabba yana da nasa agogon. Kowa ya san Babbar Sallah, amma ba kowa ya lura cewa makon ƙarshe caca ba ne. Shekarar da fatake suka cika gari da raguna kuma albashi bai shigo ba, ranar jajibere da yamma za ka ga mai rago yana bin mai saye, domin mayar da dabba gida kuɗin mota ne da kuɗin abinci. Shekarar da kaya suka yi ƙaranci kuwa, wanda ya jira ragin jajibere sai ya koma gida da ɗan akuya. Dabbobi da yawa daga Nijar suke shigowa ta kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, don haka canjin sefa da halin da iyaka take ciki suna cikin kuɗin ragon da ake tayawa a Kaduna. An ga haka bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka, aka sake gani a 2025 da hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da Sallah. Tsaron cikin gida ma haka. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari, ta hana safarar dabbobi, har kasuwar Talata ta Kawo ta tsaya, kuma shafukan littafina na waɗannan watannin rabinsu fari ne.

Kasuwar hatsi da kara ba a raba su, ko da yake a jerin waya kowace da layinta. Makiyayi da matar ƙauye ba da naira suke lissafi ba, tambayarsu ita ce akuya ɗaya tiya nawa za ta sayo. Idan hatsi ya yi tsada, dole a fitar da dabba biyu inda da ɗaya ta isa, kara ta cika, farashin dabba ya sauka daidai lokacin da mai ita ya fi bukatar kuɗi. Farkon damina ma haka ake yi, ana sayar da tumaki don sayen taki. Ni kuwa mai turke ta ɗaya gefen abin yake zo mini, domin tsadar masara tsadar dusa ce, kuma shekarar 2024 na sayar da ragunana da kuɗin da ban taɓa gani ba, amma da na cire abin da suka ci sai na tarar kusan aikin banza na yi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin abinci wata-wata, kuma yana da amfani ga mai nazari, sai dai matsakaici ne kuma yakan fito bayan kasuwar ta ci ta watse. Shi ya sa littafina yake da gida shida a kowane layi: kasuwa, rana, lokaci, ma'auni, bushewar kaya ko irin dabba, sai wanda ya faɗa mini, domin farashin bakin mai sayarwa daban yake da na bakin mai saye. Duk ranar Laraba sau biyu nake kiran dattijon nan na Saminaka, da hantsi da kuma bayan La'asar. Idan na kira na biyun yakan yi dariya ya ce, "Malam, har yanzu ba ka manta da buhu 15 ɗin nan ba," sannan ya faɗa mini ko tirelolin sun tashi.