Mako na tara: kakarsu ba irin tamu ba ce

'Yan uwa abokan karatu, barkanku da ƙoƙari. Yau makona tara ke nan da fara haddar waƙoƙin Sinawa na zamanin daular Tang, kuma na zo muku da wani kuskure da na daɗe ina tafkawa ban sani ba.

Duk inda na ci karo da harafin 秋, sai in rubuta "kaka" a gefen littafina in wuce. A ƙamus daidai ne. Harafin kansa ma hatsi ne a hagu, wuta a dama. To amma da Bahaushe ya ji kaka, rumbu yake hangowa, da sabon gero, da bukukuwan aure, da dambe a dandali. Su kuwa mawaƙan Tang, da iskar kaka ta kaɗa sai gida ya faɗo musu a rai. Ku ɗauki harafin nan ku dasa masa 心, wato zuciya, a ƙarƙashi, sai ya koma 愁, baƙin ciki. Zane 13 ne, kuma sai da na ɓata takarda kusan goma kafin zuciyar ta daina karkacewa.

Yawancin mawaƙan nan ma'aikatan sarki ne, ko masu neman zama haka. Mutum ya bar garinsu don jarrabawa, in ya ci a tura shi wata uwa duniya, ya shekara da shekaru bai ga iyayensa ba. Kaka ta zo, sanyi ya fara shigowa, dinyoyin daji sun jeru a sama sun nufi kudu, shi kuma yana nan inda aka ajiye shi. Da na gane haka sai na daina tuna girbi, na koma tuna ɗan ci-rani da hunturu ya riska a baƙon gari.

Wadda ta fi kama ni a makon nan ita ce ta Zhang Ji, baiti huɗu, harafi 28. Yana birnin Luoyang, ya ji iskar kaka, ya zauna rubuta wasiƙar gida, magana ta yi masa yawa. Ya rufe, ya miƙa. Ɗan aike na shirin tashi sai ya karɓe ta ya sake buɗewa, don tsoron ko ya bar wani abu bai faɗa ba. Shi ke nan waƙar. Bai ce ya yi kuka ba, bai ma gaya mana me ya ƙara ba. Duk wanda ya taɓa tsayar da direba a tasha yana cewa "dakata, ka kuma gaya wa Inna…" ya san wannan hannun da ya koma kan wasiƙar. Ni dai na ajiye alƙalami na kira gida.

Ta Li Bai mai harafi 20, ta hasken farin wata a gaban gado, na haddace ta tun mako na biyu, sai dai har yau fassara harafin 霜 da ke cikinta na ba ni wahala. Na rubuta "ƙanƙara", na goge, don ƙanƙara ta yi nauyi. Yanzu "raɓar da sanyi ya daskarar" na sa, kalma biyar a madadin harafi ɗaya. Wanda ke da abin da ya fi wannan ya taimaka.

Wajen furuci, kunnenmu na Hausawa ya saba da hawa da saukar murya, yana taimako ƙwarai, amma karin sauti na uku na Sinanci, mai nutsewa ya taso, har yanzu yana kuɓuce mini in na yi sauri.

Mako mai zuwa zan shiga ta Wang Wei, wadda ya yi yana ɗan shekara 17, ranar bikin tara ga watan tara, yana hango 'yan uwansa sun hau tudu an ƙirga babu mutum ɗaya. Waƙoƙin kaka takwas da Du Fu ya yi a garin Kuizhou a shekarar 766 kuwa na leƙa ta farko na rufe littafin, sai na ƙara ƙwari.