Daga Dutsen Zaitun zuwa Golgota a ƙafa: abin da maniyyatan Gombe ya kamata su sani

Maniyyaci daga Billiri ko Kaltungo, idan ya ji cewa Hanyar Gicciye a Urushalima, wadda ake cewa Yesu ya bi ɗauke da gicciye, ba ta wuce mita 600 ba, sai ya ce ai ko gonarsa ta fi haka nisa. Ba nisan ke kayar da mutane ba, gangara ce da santsin dutse.

Jagoran da ya san aikinsa daga ƙolin Dutsen Zaitun yake farawa, da sassafe, don a sauko maimakon a hau. Gangaren da ke kaiwa Getsamani yana da tsauri ƙwarai, gwiwar dattawa a nan take fara kuka. A sa su gaba, matasa a baya. In aka yi akasin haka, kafin a isa Kwarin Kidron ayari ya rabu biyu. Takalmi mai ƙasan roba za a sa, ba silifas ba, domin tsakanin Disamba da Fabrairu ana ruwa, duwatsun titi kuma sawu ya goge su sumul.

Ta Ƙofar Zakuna ake shiga tsohon birni, Tafkin Betasda na hannun dama. Zango 14 ne a Hanyar Gicciyen, wato wuraren da ake tsayawa a tuna da wahalar Yesu: 9 a tituna, 5 cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Mai tsammanin shiru zai sha mamaki, don tsakiyar kasuwa ce. Alamar kowane zango faifan ƙarfe ne a bango mai lambar Romawa, wanda ido ya tafi kan masu sayar da tsaraba sai ya wuce bai gani ba. Daga zango na 5, inda ake tunawa da Saminu da aka ɗora wa gicciyen, hawa ya fara. A bar ciniki sai an gama.

Ran Juma'a da yamma limaman Katolika na ƙungiyar Faransiskan ke bin hanyar da jama'a, cunkoso ya yi yawa.

A majami'ar, matakalar Golgota na dama da ƙofa, ƙunci gare ta. Layin shiga kabarin kan ci awa guda ko fiye, cikin kuwa minti ɗaya ma da ƙyar. A rufe kafaɗa da gwiwa. Mabuɗin ƙofar majami'ar, af, a hannun iyalan Musulmi biyu yake tun ƙarnoni.

'Yan ECWA da COCIN galibi sun fi sakewa a Kabarin Lambu, wani wurin daban da wasu ke ɗauka shi ne kabarin Yesu, kusa da Ƙofar Dimashƙu, inda ayari zai zauna ya yi waƙa da Jibin Ubangiji. Sai an nemi lokaci tun da wuri, kuma ba a buɗe wa baƙi ran Lahadi.